Rago Mai Ƙaho Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a Ulanbatar,
watan Maris, sanyi ashirin ƙasa da sifiri,
hayaƙin gawayi ya kwanta kan unguwar tantuna
kamar bargon da aka manta da wankinsa.
Wayata ta yi ƙara. Tsogtbayar ne:
"Uranchimeg, tashi. An taɓa rumbun."

Rumbunmu ba ya cin hatsi.
Takardu ne ciki, dubu arba'in da 'yan kai,
kowane makiyayi da tasa,
a naɗe tsakanin baka biyu.

Da fari tebur muka shimfiɗa, layi da gurbi,
muka ce kowa ya shiga sahu.
Jeji ya ƙi.
Wannan raƙumansa tozo bibbiyu,
wancan ba shi da adireshi sai sunan kwari,
wata tsohuwa a Arkhangai
da launi take ƙirga tumakinta.
Gurabe suka yi ta hamma, fayau.
Sai muka bar kowace takarda ta yi tsawon mai ita,
kamar rigar da aka auna a jiki.

Ɓarawon bai fasa komai ba.
Ƙofar gwaji muka bari a buɗe tun Talata,
ba kalmar sirri, ba mai gadi.
Ni na buɗe ta. Na ce zan dawo.
Ya share ɗakin tas,
ya bar mana takarda ɗaya tilo:
ku biya, in mayar muku da kayanku.

Na ɗora shayi, na zuba madara da gishiri.
Hannuna na rawa, gishirin ya yi yawa.

Sunaye da lambobin waya a kulle suke,
mabuɗinsu yana kwana a wani gida.
Akwati ya sata, zai gaji da jijjiga.
Kwafin da muke ajiyewa duk tsakar dare kuma
yana can inda hannunsa bai kai ba.
Tsogtbayar ne ya nace a kansa bara,
ina ta mitar kuɗin haya,
yana ce mini ba a fafe gora ranar tafiya.

Na rufe ƙofar. Na sauya makullai.
Na rage wa kowa iko, na fara da kaina.
Takardu suka soma dawowa
ɗari, dubu, dubu goma,
kamar garke da yamma, ba mai tsere wa wani.
Fihirisa ta sake haddace hanya.

Sai a gwada. Aiki ya ce a jefa tambaya,
kowace iri.
Na rubuta: lardin Zavkhan,
rago, shekara tara zuwa sama.
Kafin in ɗauke yatsa ta fito.

Takardar babana ce.
Shekara biyu ke nan da muka rufe shi,
ban iya goge ta ba.
Can ƙasa, bayan allurar rigakafi da nauyin ulu,
akwai gurbin da ban taɓa tsara wa kowa ba,
shi ya ƙara abinsa da babban yatsa:
"Ƙahonsa ɗaya ya karye. Kar a sayar.
Na 'yata ne, ko da ba ta zuwa."

Shayin ya huce.

Awa uku muka rasa, daga sha biyu zuwa uku,
kuma lokacin haihuwar tumaki ne,
ba makiyayin da ke barci.
Wani ya durƙusa a garke da tocila a baki
ya rubuta mana tagwaye, mun zubar.

Gari na wayewa na ɗauki waya,
mutum goma sha bakwai zan kira.
Ta farko ta ɗaga, iska na kaɗa muryarta.
Na ce, "Inna Dolgorsuren, ki yi haƙuri,
sake faɗa mini abin da aka haifa jiya."